Mun Je Sayen 'Yar Japan, Mun Dawo da Motar 'Yan Makaranta

Wata biyar ke nan da dawowata daga Dubai, amma har yau ban gama amsa tambaya ba. In na shiga ƙarƙashin mota a gareji, sai in ga ƙafafun mutum sun tsaya saitin kaina, in ji an fara "Malam Sallau, wai da gaske ne..." Na ba da labarin nan a kwance, na ba da shi a tsugune, na ba da shi da sifana a baki. Kowa kuma in ya tafi sai ya ƙara masa gishiri, har shekaranjiya wani ya zo yana ba ni labarin yadda aka kulle ni kwana uku a filin jirgi. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ga wanda bai san ni ba, ni bakanike ne a Kano, shekarata ashirin da bakwai ina gyaran bas. Direbobin layin Kano zuwa Azare suna da 'yar ƙungiyarsu ta taimakon juna, su goma sha bakwai, ni nake duba musu motoci. A farkon 2019 suka yanke shawarar sayen babbar bas guda ta ƙungiya, irin kostan nan mai cin mutum talatin, don ƙananan motocinsu duk sun gaji. Asusun da suka yi shekara uku suna tarawa suka fasa. Suka ce shugabansu, Alhaji Ubale, ya je Dubai ya zaɓo da idonsa, ni kuma in raka shi da kunnena, tunda in inji yana ƙarya ina ji. Sharaɗi ɗaya aka kafa, kuma ni na fi kowa ɗaga murya a kansa: 'yar Japan za a sayo. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa motar China kwanon awo ce aka sa wa taya.

Alhaji Ubale ya je Makka sau biyu, saboda haka tun daga ofishin fasfo ya ɗauke ni ɗalibi. Shi ya koya min yadda ake ɗaura bel a jirgi, muna zaune a kan benci a tasha. Abin da ya manta bai gaya min ba shi ne ba a shiga jirgi da ƙarfe a jakar hannu. Ni kuwa na zuba sifana uku, filaya, sukundireba da 'yar gudumata a cikin jakar, don ban ga yadda za a yi in duba mota da hannu biyu zalla ba. Jakar na shiga na'ura, matar da ke kallon allo ta ɗago ta dube ni, ta kira wani, shi ma ya kira wani. Aka baje kayana a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, mutanen layi suna leƙe. Wani jami'i ya ɗaga gudumar ya tambaye ni ko jirgin zan gyara. Na ce in ya tsaya a hanya ai sa gode min. Duk suka yi dariya, amma ba su bar ni na wuce da ko ƙusa ba. Allah ya sa ƙanin maiɗakina da ya kawo mu bai tafi ba, na fita na damƙa masa kayan kamar mai ba da amanar 'ya'ya.

A cikin jirgi ban ji tsoron tashi ba, injin ne ya hana ni sakat. Muna daidaita a sama na ji sautinsa ya sauka, irin yadda mota ke yi in mai ya daina zuwa. Na taɓa Alhaji na ce masa na ɓangaren dama yana shan iska. Ya ce in yi salati in bar mutane su yi aikinsu. Da ma'aikaciyar jirgi ta zo da abinci na so in yi mata bayani, Alhaji ya take min ƙafa har sai da ta wuce. Muka sauka Addis Ababa muka canza jirgi, inda na ga ikon Allah: rabin mutanen da ke zaune a falon jira Hausawa ne, mata 'yan kasuwa sun shimfiɗa zannuwa suna cin dambun nama, wata tana yi wa wata lissafin yadin leshi, kamar a bakin kasuwar Kwari.

Da hantsi muka isa Dubai. A wajen shige da fice, jami'in na sanye da farar jallabiya wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Ya nuna min wani ɗan gilashi ya ce in kalla. Ni na ɗauka hoto ne, na gyara hula na washe baki. Ashe ƙwayar ido ake ɗauka. Ya ce in buɗe ido, na buɗe. Ya ce in ƙara, na ƙara har hawaye ya zubo. Sannan ya buga hatimi ya ce "yalla", wato in yi gaba, kalmar farko ke nan da na koya, kuma ita aka fi gaya min har na bar ƙasar. A wajen kwastan kuma yajin da maiɗakina ta ƙulla min a leda ne ya jawo tambaya. Na rasa Turancin yaji, na rasa Larabcinsa, sai na dangwala na lasa don su ga ba guba ba ne. Wani matashin jami'i ya kai hancinsa kusa, ya yi atishawa huɗu a jere, abokan aikinsa suka dara, aka ɗaure min kayana aka ce in tafi. Wannan shi ne duk kullewar kwana ukun da ake ba ku labari.

Ɗan yayata, Nafi'u, shi ya tarbe mu. Shekararsa shida a can yana aiki a wani kamfanin kago, wato masu tura kayan 'yan kasuwa gida ta ruwa da ta sama. Na san shi siriri mai jin kunya, na tarar da mutum mai tumbi da waya biyu, kowace jimla sai ya sa mata "khalas" a ƙarshe, wato shi ke nan. Ya kai mu masauki a wata unguwa da ake kira Hor Al Anz. A hanya Alhaji yana ta nuna min dogayen benaye yana cewa in zaɓi wanda za mu sauka. Sai ga mu a wani tsohon gini hawa uku, ɗaki guda, gadaje masu bene huɗu, mutum takwas. Akwai 'yan Kano huɗu, da wani Bazazzagi mai gadi a kanti, da wani mutumin Maraɗi mai sa Faransanci a magana. Gado biyu ne babu kowa, kuma duka na sama ne.

Alhaji Ubale mutum ne mai jiki, gidansa biyu a Kano, matafiya na rusuna masa a tasha. Ya tsaya ya dubi tsanin gadon nan ya dubi Nafi'u. Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce otal ɗin da ya nema musu ya cika, ana wani baje koli a gari. Alhaji ya naɗe babbar riga ya kama tsani, gadon ya yi wata ƙara, Bazazzagin da ke kwance a ƙasa ya yi wuf ya fito ya ce don girman Allah Alhaji ya dawo ƙasa shi ya hau. Alhaji ya ce ba ya son ya takura wa kowa. Mutumin ya ce ba takura ba ce, yana da iyali a gida. Daga ranar suka zama aminai.

Abinci kuwa, kwana biyu na farko shinkafa ce safe da rana, mai launin rawaya, mai ƙamshin kanumfari, da naman da ke zamewa daga ƙashi tun kafin ka taɓa shi. Ana zuba ta a faranti ɗaya a ci da hannu kamar a gida, wannan ya burge ni. Shayinsu na bakin titi, da suke kira karak, mai kauri ne da madara, a ɗan kofin takarda wanda bai kai kurɓa huɗu ba. Alhaji yakan sayi uku ya jera. A rana ta uku cikina ya fara tambayar tuwo, Nafi'u ya kai mu Al Sabkha, unguwar 'yan sari, muka hau wani bene muka ƙwanƙwasa wata ƙofa da ba ta da alama. Ana buɗewa warin daddawa ya buge ni, na ji kamar in yi kuka. Wata Hajiya 'yar Gusau ce ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a ciki, 'yan kasuwa sun cika falon, kowa na waya da gida baki cike.

Abin da ya fi girgiza Alhaji a garin nan ba benaye ba ne. Jirgin ƙasansu ne na cikin gari. Muka shiga taragon gaba, ya matsa don ya gaisa da direba, kamar yadda ya saba duk motar da ya shiga. Ya tarar da gilashi kawai, da wasu yara 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Ya tambayi Nafi'u ina direban. Nafi'u ya ce babu, na'ura ce ke ja. Alhaji ya kama ƙarfe da hannu biyu, ya ce shi shugaban direbobi ne, ba zai zauna a abin da ba wanda za a tambaya in ya yi ɓarna ba. Muka ja da baya muna neman wuri, muka samu wani tarago mai sarari da ƙamshi muka tsaya muna murna, sai muka lura duk mata ne kuma duk mu suke kallo. Wata 'yar Filifin ta nuna mana layin da aka ja a ƙasa. Nafi'u ya fizge mu yana cewa tara ake ci. Ban taɓa ganin Alhaji ya yi sauri irin na ranar ba.

Bas ɗinsu na haya ma abin kallo ne. Ba kwandasta, ba ɗan kamasho, ba mai kiran gari. Ka taɓa kati ka zauna. Wurin jiran motar ma ɗaki ne da esi a ciki. Direba ba ya hon, ba ya tsayawa don ya ga mai ɗaga hannu, kuma in lokacinsa ya yi zai tashi ko da mutum biyu ne a ciki. Alhaji ya ce wannan ba sana'a ba ce, zaman makoki ne. Amma na gan shi yana shafa kujerar yana duba ɗinkin.

Ranar Lahadi, wadda a can ranar aiki ce, muka tafi abin da ya kawo mu. Kasuwar motocin fitarwa tana wani wuri da ake kira Al Awir, bayan gari. Fili ne iya ganinka, shinge bayan shinge, kowane cike da motoci masu jiran jirgin ruwa. Masu saye kuwa duniya ce: 'yan Gana, 'yan Somaliya, 'yan Tanzaniya, 'yan Iraƙi. Na shiga da ƙarfina ina neman layin kosta 'yan Japan, sai na ga abin da ban zata ba. Shinge na farko bas ɗin China, na biyu China, na uku ma haka, farare da rawaya, wasu ko ledar kujera ba a cire ba. 'Yan Japan ɗin sai ɗai-ɗai a lungu, kuma da ka nuna ɗaya sai a ce an riga an saya.

Dillalin da Nafi'u ya kai mu wurinsa wani dattijo ne Bapakistane mai jan gemu, kowa na ce masa Haji. Ya zaunar da mu ya ba mu shayi, Nafi'u na fassara. Ya ce lokacin da ya fara wannan sana'a, in ka ce bas to 'yar Japan kake nufi, ba a ma tambaya. Yanzu kamfanonin da ke jigilar ma'aikata da makarantun garin duk sun koma sayen na China sababbi, saboda haka in sun tsufa su ne ke fitowa kasuwa. Su Chinan kuma ba su tsaya nan ba, sun buɗe ofisoshi a bakin tashar jirgin ruwa suna tura sababbi kai-tsaye Afirka. 'Yar Japan mai sitiyari a hagu, irin wadda ƙasarmu ke karɓa, ta zama kamar zinare. Na ce wa Nafi'u ya gaya masa mu zinaren muka zo saya. Haji ya yi murmushi ya ce akwai guda ɗaya, ya ɓoye ta ne don mutanen kirki.

Jama'a, na ga mota. Fara sol, labule shuɗi a kowace taga, kujeru masu laushi kamar na falon amarya. Aka tayar da ita, na sa kunne, injin yana magana lafiya lau, ba hayaƙi, ba rawa. Alhaji ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari, fuskarsa ta koma ta saurayi. Kafin in gama zagaya ta ya ɗauki hoto ya fi ashirin ya tura wa 'yan ƙungiya. Wayarsa ta dinga ƙara. Kafin mu sha shayi na biyu har sun raɗa mata suna Farar Tantabara, wani ya ce a rubuta a gilashin baya.

Ni ma na so ta, ba zan ɓoye ba. Amma aikin da aka biya min kuɗin jirgi in yi shi ne in shiga ƙarƙashi. Na ari kwali da tocila na kwanta. A nan na ga walda sabuwa a inda akwatin sitiyari yake, an shafe ta da baƙin fenti. Na bi bututun birki na ga an yanke an ƙara. Na leƙa ɗaya ɓangaren na ga ramukan ƙusa huɗu a buɗe, inda akwatin yake tun asali. Motar mai sitiyari a dama ce, aka ciro shi aka mayar hagu. Wannan kaɗai ba zai kashe ciniki ba, don ana yi, wasu ma suna yi da kyau. Amma ina kwance sai wani abu ya faɗo min. Na fito na tsaya a bayanta na duba. Ƙofar fasinja tana hagu, ɓangare ɗaya da direba. Mu uku mun shiga ta ƙofar nan mun fita ya fi sau biyar, ba wanda ya lura, saboda a fili take ba a kan titi ba.

Na ja Alhaji gefe na ce, "Alhaji, a ce mun tsaya a Wudil ranar kasuwa, mun faka a hannunmu na dama. Ta ina fasinja zai sauka?"

Ya dubi motar.

Na ce, "A tsakiyar titi zai sauka, da buhunsa da 'ya'yansa, tirela na tahowa."

Ya ce a yanka wata ƙofar a dama. Na ce in aka yanka jikin motar nan aka sake walda, to ba 'yar Japan ba ce kuma, 'yar gareji ce. Ya ce kwandasta zai riƙa tare hanya. Na ce ban yarda ba. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce ya riga ya tura hoto, mutum goma sha shida suna can suna murna, da wane baki zai ce musu ya zaɓi motar da ba ta da ƙofar kirki? Ya ce ni na cika baki a Kano da 'yar Japan, ga ta, kuma ni ne zan hana. Na ce masa ni dai ba zan sa hannu ba, in ya saya to ya gaya musu Sallau ya ce a'a. Shekara ashirin muna tare ban taɓa yi masa magana haka ba. Haji ya ga yanayinmu, ya ce ba komai, gobe ɗan Tanzaniya zai ɗauke ta, su a hagu suke tuƙi, sai dai a mayar da sitiyarin inda yake.

Muka shiga tasi. Alhaji na zaune a baya ta hagu, ya juya min ƙeya. Da muka iso unguwarmu mai tasin ya tsaya a bakin babban titi, Alhaji ya kama ƙofar ɓangarensa zai fita, ta ƙi buɗewa. Ya ja, ya sake ja, ya fara faɗa. Direban, wani ɗan Nepal, ya juyo yana nuna masa ɗaya ƙofar, ya ce waccan a kulle take kullum, ba a sauka ta titi. Bai rufe baki ba wata ƙatuwar motar siminti ta wuce ta ɓangaren, har tasin ta girgiza. Alhaji ya saki hannun ƙofar. Ya matso ya fita ta dama kamar kowa.

Muka ci abinci muka yi la'asar. Sannan ya ce da Nafi'u, ba tare da ya dube ni ba, "Su 'yan Chinan nan, a ina ka ce ofishinsu yake?"

Washegari muka tafi Jebel Ali, inda babbar tashar jirgin ruwa take. Sai da Nafi'u ya nemo mana takardar shiga. Wurin ba gari ba ne, kwantena ce kan kwantena kamar duwatsu, da manyan ɗakunan ajiya. Aka kai mu wani fili da sababbin bas ke jere, wata 'yar China gajeriya mai tabarau ta fito ta tarbe mu da Turanci. Tana gaba muna biye, ni kuma bakina bai mutu ba. Na ƙwanƙwasa jikin wata bas na ce wa Alhaji da Hausa, ji nan, gwangwanin madara, damina biyu ta yi yawa. Alhaji ya ce ita ma mai tallar kamar iska za ta ɗauke ta.

Matar ta tsaya ta juyo, ta ce, "Alhaji, iska ba ta ɗauke ni a Kano ba, shekara tara ina Kwari. Malam kuma ƙwanƙwasa a hankali, kada gwangwanin ya ji maka ciwo."

Da Hausa ta faɗa, Hausar kasuwa, har da karin harshen 'yan Fagge. Nafi'u ya zauna a ƙasa don dariya. Alhaji ya cire hula ya mayar ya sake cirewa. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Ta ce a Kano Asabe ake ce mata, ta yi aikin tafinta wa masu kawo atamfa kafin ta koma harkar motoci. Ta tambayi labarin wata mai waina a bakin kasuwa, ta ce har yau tana mafarkin ta.

Asabe ba ta yi mana daɗin baki ba. Da ta ji abin da muke iyawa, ta ce sabuwa ta fi ƙarfinmu, kada mu wahalar da kanmu. Amma akwai wasu da wata makaranta ta dawo musu da su ta karɓi sababbi, ba su yi wani dogon aiki ba, daga gida zuwa makaranta ne kawai a kan titi mai santsi. Ta kai mu bayan fili ta nuna mana ɗaya. Rawaya ce shar, da rubutun Larabci a goshi. Alhaji ya ce in muka shiga Kano da wannan za a ce A Daidaita Sahu ce ta ci ta girma. Asabe ta ce fenti ai ba ya hana tafiya.

Na ce a ba ni kayan aiki. Ta sa aka kawo min akwati guda, ta ce in kwance duk abin da nake so, in dai zan mayar. Awa uku na yi a kan motar nan, ina neman laifin da zan fake da shi. Na duba shasi, ba walda ko ɗaya. Na buɗe inji ina jiran in ga tarkacen waya da kwamfuta, sai na tarar da famfon dizal irin na da, wanda zan iya kwancewa a gefen titi a Jama'are da sifana biyu. Na tambaye ta kayan gyara, don nan ne motar China ke kashe mutum. Ta kira wani mai shago a Kano a waya ta sa a sifika, sai na ji muryar wanda na sani, shagonsa bai fi taku ɗari daga inda nake sayen baƙin mai ba. Ya ce ai tun bara yake kawo kayanta, ni ne ban taɓa tambaya ba. Na ja ta a cikin filin, na taka birki da ƙarfi, na juya ta hagu da dama. Na sauko ina goge hannu, su uku suna kallona.

Alhaji ya ce, "To, Injiniya, kwanon awon ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Alhaji."

Ya ce in ƙara faɗa, bai ji ba. Ya kunna wayarsa ya ɗauki muryata ina cewa motar China ta yi, ya tura wa 'yan ƙungiya kafin in ce wani abu. Daga nan ya ba su labarin ƙofar hagu da bakinsa, bai rage komai ba, har da cewa shi ne ya nace. Aka yi ta musu a waya har yamma, wasu suka ce an saye mu da shayi. Daga ƙarshe wani dattijon direba, wanda ƙaninsa ya rasu a gefen titi shekarun baya yana sauke kaya, ya ce a sayo mai ƙofar dama ko da ta kwali ce. A kan haka aka tsaya.

Nafi'u ya yi mana takardu. Ba a kwantena ake sa ta ba, jirgin ruwan motoci ne, a tuƙa ta a shiga cikinsa kamar gareji. Alhaji ya so ya cika ta da darduma da turare, aka ce ko tsinke ba a bari a ciki. Ya rungumo kayansa muka sha fama a wajen awo a filin jirgi, har sai da na sa riguna uku a jikina na shigo Kano ina gumi kamar mai zazzaɓi.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki motar ta iso Legas, aka hauro da ita Kano. Ranar da ta shigo tasha an taru kamar ɗaurin aure. Direban da aka ba wa ita, Ɗanjuma, ya faka, ya kashe inji, ya zare makulli yana ɗaga wa mutane hannu. Sai motar ta fashe da kuka. Jiniya, fitilu, da wata murya ta mace tana maimaita magana da Larabci. Masu talla suka watse, wani ya ce bam ne. Ɗanjuma ya rantse tun daga Legas haka take yi masa duk inda ya tsaya, sai dai ya cire kan batir. A Jebel Ali ni ban kashe ta da hannuna ba, ma'aikacinsu na bar wa ita tana aiki. Alhaji ya ce in nemo wayar in yanke.

Na ɗauko filaya, don ni duk abin da ke ƙara a mota ba dalili yanke shi nake yi. Amma na ce bari in tambayi Asabe tukuna. Ta yi dariya a waya, sannan ta ce in je can kujerar ƙarshe, akwai wani jan maɓalli a sama, in danna. Na ratsa kujerun na danna, motar ta yi tsit. Ta ce haka ake yi wa motocin makaranta a can. Ƙasar akwai zafi, in aka manta yaro yana barci aka kulle mota, ba ya kai awa nawa. Shi ya sa aka sa maɓallin a baya, don dole direba ya taka da ƙafarsa ya wuce kowace kujera kafin ya tafi.

Na mayar da filayar aljihu. Na gaya wa Alhaji wannan wayar ba da hannuna za a yanke ta ba. Ɗanjuma ya yi ta mita, ya ce shi direba ne ba mai gadin makaranta ba, kullum sai ya yi tattaki cikin ɓawon gyaɗa da ledar ruwa. Har yau yana mitar, kuma har yau yana zuwa. Ya tsinci waya biyu, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, da ƙullin maganin wani. Ran Talatar da ta wuce kuma, a tashar Azare, bayan kowa ya sauka, ya je danna maɓallinsa ya tarar da wata tsohuwa ta lafe a kujerar ƙarshe bayan buhun masara, ta lulluɓe da mayafi tana ta barcinta. A Jama'are ya kamata ta sauka. Da ya tashe ta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita dai ba ta taɓa samun barci a mota irin na yau ba, ya ƙyale ta ta ƙarasa.